Hutu da ƙananan yara a tsibirin Zanzibar

Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, yana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 35 daga gaɓar Tanzaniya. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu wajen kilomita 85 ne, saboda haka da wuya a sami ƙauyen da mota ba za ta kai ba cikin awa biyu daga birnin Zanzibar. Mutanen tsibirin kusan dukkansu Musulmi ne masu magana da Swahili. Naman kasuwa yankan Musulmi ne, masallatai kuwa ko'ina akwai su. Iyalin da suka taso daga Kano ko Damagaram ba za su yi baƙunta ta wannan fuska ba. Abin da zai zame musu baƙo shi ne tekun. Yaron da iyakar saninsa da ruwa kududdufin damina ne da dam bai taɓa ganin ruwan da zai yi tafiyarsa ya bar fili, sannan ya komo, har sau biyu a kwana ɗaya ba, kuma sau da yawa iyayensa ma haka ne. Tsarin hutu da yara 'yan ƙasa da shekara bakwai a wannan tsibiri ya rataya ne a kan sanin lokacin ruwa da lokacin rana. Wuraren zuwa kallo suna biyo baya.

Shiri tun daga gida yake farawa, kuma da wuri. Masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi ba a ba su bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai sun nema an amince tukuna, don haka ana so a cike takarda wata biyu kafin tafiya, kowane yaro da tasa. Ana kuma tambayar katin rigakafin shawara ga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take. Tun yaro yana wata tara ake yi masa wannan allura, katin kuwa ba ya aiki sai bayan kwana goma da yin ta. Daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, dala 44 ga babba. Hanyar da aka fi bi daga Kano ko Abuja ko Yamai ita ce ta Adis Ababa, daga can a sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume. Agogon tsibirin yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu, abin da kan ɗan rikita barcin yara a daren farko.

Babbar daminar tsibirin daga Maris zuwa Mayu take, kuma ba lokacin kai yara ba ne: ruwa yakan wuni yana zuba, wasu masaukai ma rufewa suke yi. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba, mai yayyafi da ɗaukewa. Daga Yuni zuwa Oktoba iskar kudu ke kaɗawa, gari ya yi sanyi-sanyi, sauro ya ragu, kuma wannan ya dace da dogon hutun makarantu. Hutun Disamba yana faɗawa ne a farkon zafi, mai gumi da naso irin wanda ɗan arewa bai saba da shi ba, sai dai tekun yakan yi ɗumi ƙwarai.

Sau biyu teku ke cika, sau biyu yake janyewa a kowane kwana, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti hamsin. Wata ne ke jansa, shi ya sa mai bin lissafin watan Musulunci yake da rabin jadawalin a kansa. A kwanakin farko na tsayuwar wata, da kuma wajen sha biyar zuwa sha bakwai, ruwa yana cika sosai ya kuma janye sosai, har tazarar da ke tsakanin cikarsa da janyewarsa ta kusa mita huɗu. A irin waɗannan kwanaki ruwan yakan kai ƙarshen janyewa wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya na safe, ya cika fal wajen la'asar. A mako na biyu da na huɗu kuwa motsin kaɗan ne, lokutan kuma su juya. Kowane masauki na bakin teku yana da jadawalin da ke nuna awa da mintin kowace rana, a intanet ma ana samu. Shi ne takarda ta farko da ya kamata a duba da safe, kafin a yi wa yaro alkawarin wanka.

Wannan motsi ba ɗaya yake ba a duk gaɓar tsibirin, kuma a nan zaɓen masauki yake. A gabas, wato Matemwe da Pongwe da Bwejuu da Paje da Jambiani, akwai katangar duwatsun murjani can cikin teku wadda ke karya ƙarfin igiyar ruwa, tsakaninta da tudu kuma fili ne shimfiɗaɗɗe. Idan ruwa ya janye, yakan yi nisan kilomita guda ko fiye, ya bar farin rairayi da ƙananan tafkuna da ba su wuce idon sawu ba. Awa da yawa ba wurin iyo. A arewa kuwa, Nungwi da musamman Kendwa, gaɓar tana gangarawa da sauri, ruwa ba ya nisa, ana iyo daga safe har yamma. Masu talla sukan nuna arewa a matsayin wadda ta fi, amma ga mai ɗan shekara biyu ko uku gabas ta fi alheri. Ruwan da babba zai raina shi ne daidai da yaro mai tatata, alhali a Kendwa taku kaɗan ne tsakanin ruwan gwiwa da wanda ya shanye kai. Arewa ta fi cunkoso da kaɗe-kaɗen dare. Ƙauyukan gabas irin su Jambiani sun fi natsuwa. Idan yaran sun tasa kuma sun iya iyo, sai a raba kwanakin gida biyu.

Tattaki a filin da ruwa ya bari shi ne mafi daɗin abin da ƙaramin yaro zai yi a tsibirin, kuma ba a biyan ko sisi. Ana fita kamar awa guda kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa, kowa da takalmin roba mai rufe yatsu, ba silifa ba, da ɗan bokiti. A cikin tafkunan akwai ƙananan kifaye masu ratsi, da ƙaguwa fara mai gudu a kaikaice, da wata 'yar ƙaguwar da ke aron kwanson katantanwa ta zauna a ciki. Idan aka ɗora kwanson a tafin hannu aka yi shiru, sai a ga ƙafafu suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya, sannan idanu biyu a kan tsinke, daga nan ta fara jan gidanta. Da an motsa sai ta koma ciki ta toshe ƙofa da ƙafarta. Yaro ɗan shekara uku yana iya shafe rabin awa a kan wannan kaɗai, kuma bai kamata a hanzarta shi don a ƙarasa wani wuri ba. Ana ganin tauraron teku ja mai ƙusoshi a kwance a kan rairayi. A bar shi cikin ruwa a kalle shi, domin ɗaga shi sama don hoto yana kashe shi a hankali.

A Paje da Jambiani tattakin yakan kai ga gonakin ciyawar teku, sana'ar da matan gaɓar suka kama tun 1989. Suna kafa turaku a jere, su ɗaura igiya tsakaninsu, su ɗaɗɗaura 'yan rassan ciyawar a jikin igiyar. Bayan kamar mako shida sai su girbe, su shanya, a sayar wa masu fitar da ita waje, inda ake tatsar wani sinadari mai kauri da ake sa wa a man goge baki da askirim. Matan suna zaune ne cikin ruwa da zannuwansu suna aiki, kuma gonar dukiyarsu ce: ba a ratsa ta, ba a barin yara su ja igiya, ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininta. Gaisuwa tana buɗe hanya, sallama kuwa iri ɗaya ce da ta gida.

Haɗarin wannan fili guda uku ne. Na farko bushiyar teku, wata baƙar halitta mai dogayen tsinkaye da ke ɓuya a ramukan dutse da cikin ciyawa. Tsinkenta yana karyewa a cikin fata. Idan aka taka, a jiƙa ƙafar cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, a cire abin da ya fito da hantsaki. Mutanen gaɓa sukan shafa ƙaron ɗanyen gwanda, amma wanda ya shige ciki ko ya shiga gaɓar yatsa na asibiti ne. Na biyu katantanwa mai siffar mazurari da zane mai kyau a bayanta. Tana da dafi mai tsanani, don haka dokar da ake kafa wa yara ita ce kada su ɗauki komai sai babba ya gani. Na uku, wanda ya fi duka, dawowar ruwa. Ba daga gaba kaɗai yake zuwa ba: yana fara cika kwaruruwan da ke kusa da tudu, sai mutum ya waiga ya tarar ruwa ya raba shi da gaɓa. Da zarar lokacin da jadawali ya nuna ya yi, a juya, ko da ido bai ga alamar komai ba.

Wanka kuwa, a gabas, sai ruwa ya kawo. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, cikin ɗan lokaci, kuma ba ya ihu ba ya fantsama; shiru abin yake faruwa. Yawancin gaɓar tsibirin babu masu gadin ceto. Saboda haka a kowane lokaci a san babba guda wanda aikinsa kallon yaran ne kaɗai, yana tsaye inda hannunsa zai kai gare su, ba waya a hannunsa, in zai tashi kuma ya miƙa wa wani da baki. Inda manya suka yi yawa a nan aka fi sakaci, kowa yana zaton wani na kallo. Ba a ɗora wannan nauyi a kan yayar da ba ta wuce shekara goma ba, ko da ita ke rainon ƙannenta a gida. Balan-balan ɗin hannu da tayar roba kayan wasa ne kawai, iska ma takan ja su zuwa ciki. Wurin iyo na masauki shi ma haka dokarsa take, ya ma fi bukatar sa ido, don yaro yana iya sulalewa can shi kaɗai. Mata suna shiga ruwa da rigar iyo mai rufe jiki ba wanda zai kalle su. Zani da doguwar riga mai faɗi kuwa suna yin nauyi su naɗe ƙafa, ba su dace da mai riƙe da yaro ba.

Tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida da rabi kusan duk shekara. Iskar teku tana ɓoye zafinta, farin rairayi da ruwa kuma suna mayar da haskenta sama, har wanda ke ƙarƙashin laima ya samu rabonsa. Baƙar fata ma tana ƙonewa, balle ta yaro. Daga ƙarfe sha ɗaya zuwa uku lokacin inuwa ne: abinci, sallar azahar, barcin rana. Sauran lokaci a sa wa yaro malafa da riga mai dogon hannu, a shafa masa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa bayan awa biyu da bayan kowane wanka. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a fitar da shi cikin rana sam. Mai ciwon sikila yana bukatar ƙarin kula: ya yawaita shan ruwa tun daga cikin jirgi, kada ya daɗe a ruwa, a tsane shi a rufe shi da zarar ya fito, domin ƙishirwa da sanyin iska a jiƙaƙƙen jiki suna tayar da ciwon. A ga likitansa kafin tafiya.

Fita kallo sau ɗaya a yini ta isa, da safe, kuma ba kullum ba. Wadda ta fi dacewa da ƙanana ita ce dajin Jozani, kimanin kilomita 35 daga birni a kan hanyar Paje, wanda aka mayar gandun ƙasa a 2004. A nan ake ganin jan birin Zanzibar, wanda asalinsa na wannan tsibiri ne kaɗai: bayansa ja, cikinsa fari, gashin kansa a tsaitsaye, yatsunsa huɗu, babban yatsan ɗan dungu ne. Birai ne masu cin ganye, kuma an san su da cin gawayi don ya kashe musu dafin wasu ganyayen. Sun saba da mutane, sukan sauko ƙasa-ƙasa da 'ya'yansu manne a ciki. Ana barin tazarar mita uku, ba a ba su abinci, mai mura kuma bai kamata ya matsa ba, don suna ɗaukar cutar mutane. Tsallaken titi akwai gadar katako da ta ratsa dajin itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, inda yara ke leƙa ƙaguwa a cikin taɓo. A ƙauyen Pete da ke kusa akwai gidan kiwon malam-buɗe-littafi. Duka ana gamawa cikin awa biyu zuwa uku.

Gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani da Kidichi su ma sun karɓi yara, don komai na taɓawa ne da sansanawa. Kanumfari, wanda aka shigo da shi tsibirin a farkon ƙarni na 19 har ya zama arzikin sarakunan Oman da suka zauna a nan, ana ganin sa ɗanye a kan bishiya, tohon fure ne kore mai juyawa ja. Ana kankare ɓawon kirfa a ba yaro ya sansana, a tono kurkum ya ga yadda yake rina yatsa, a fasa wani ƙwanso mai gashi a shafa masa jan 'ya'yansa a goshi. A ƙarshe wani saurayi yakan ɗaure ƙafafunsa da igiya ya hau kwakwa yana waƙa, ya sauko da ɗanya a sha ruwanta. A riƙe 'yan canji na shilin don masu saƙa wa yara hula da zobe da ganyen kwakwa.

Tsibirin Changuu yana da nisan kamar rabin awa a kwale-kwale mai inji daga birni. An gina kurkuku a can a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cuta. Abin kallonsa manyan kunkuru ne, zuriyar guda huɗu da gwamnan Seychelles ya aiko a 1919; wasu sun haura kilo 200, wasu sun wuce shekara ɗari. Ba a hawa bayansu, kuma a wanke hannun yaro da sabulu bayan ya taɓa su. A Nungwi kuwa akwai tafkin Mnarani, inda tun 1993 mutanen ƙauyen ke jinyar kififiyar tekun da ta faɗa komar masunta. Yara suna miƙa musu ciyawa daga baki, kusa da inda kafintoci ke sassaƙa jiragen katako da hannu. Kowane irin jirgi za a shiga, sharaɗin ɗaya ne: rigar ceto daidai jikin yaro. Yawancin masu jirgi ta manya kaɗai suke da ita, wadda yaro zai zame ta ƙasanta, don haka gara a zo da ita daga gida. A tafi da safe kafin teku ya tashi. A kuma tabbatar da lokaci ta hanyar nuna shi a fuskar waya, domin Swahilawa daga safiya suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗayansu.

Akwai fitar da ake tallatawa sosai wadda ba ta ƙananan yara ba ce. Bin dolfin a Kizimkazi tsere ne na jirage da sassafe a kan ruwa mai zurfi, yana wahalar da yara yana kuma takura wa dabbobin. Tsibiran rairayi da ke fitowa idan ruwa ya janye, irin su Nakupenda, ba su da ko bishiya ɗaya, haka yawon jirgi na wuni guda ya fi ƙarfin ɗan shekara uku. A ajiye su sai yara sun girma.

Tsohon birni, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, rabin yini ya ishe shi. Lungunansa matsattsu ne, babura da kekuna suna ratsawa, keken tura jariri ba ya aiki a nan kamar yadda ba ya aiki a rairayi. Goyo da zani ya fi komai. Yara sukan ji daɗin ƙirga manyan ƙofofin katako masu ƙusoshin tagulla da kyanwoyin da ke kwance a dakali, su yi guje-guje a filin tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina a ƙarshen ƙarni na 17. Da yamma iyalan gari suna fitowa lambun Forodhani, samari suna tsalle daga kan katanga zuwa cikin teku, bayan magariba kuma masu abinci su kunna fitilu. Ga yara a zaɓi abin da aka soya ko aka gasa a gaban ido: tsire, soyayyen rogo, gurasar da ake naɗe nama da ƙwai a ciki, da ruwan rake da ake matsewa da citta da lemun tsami, ban da ƙanƙara. Kifi da sauran naman teku da aka jera tun yamma ana jiran mai saye, a wuce su. Ruwan sha na gora kaɗai, a kuma riƙe ƙunshin gishiri da sukari na gudawa a jaka. Zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙasa ƙwarai a tsibirin amma bai ƙare ba. A kwana cikin gidan sauro, duk yaron da jikinsa ya yi zafi kuma a kai shi gwaji a ranar.

Masu zanen lalle suna yawo a bakin teku da cikin birni, 'yan mata kuwa ba sa ganin su su ƙyale. Jan lalle na ganye ba laifi ga yarinyar da ta tasa. Baƙin nan mai kamawa nan take sau da yawa rinin gashi ne a cikinsa, yana iya tayar da ƙuraje da tabo mai bin zanen, don haka a guje shi; jarirai kuwa ko jan ba a sa musu. Ranar da ruwan sama ya hana fita, ko da dare, akwai bao, wasan allo mai ramuka 32 dangin dara, wanda ma'aikatan masauki kan koya wa yara sassauƙan nau'insa. Iyalin da suka zo da azumi za su tarar yawancin gidajen abinci na cikin gari a rufe da rana, sai a tanadi na yara tun da safe. Bikin ƙaramar salla kuwa kwana huɗu ake yi, kuma filin Mnazi Mmoja yakan cika da yara cikin sababbin kaya, da masu sayar da kayan wasa da alewa.

Tsaraba a kasuwar Darajani ake yin ta, a ranar ƙarshe: kanumfari, kirfa, kurkum, dabino, da zannuwan kanga da ake sayarwa bibbiyu. A tafi da jakar yadi, don an hana amfani da leda a ƙasar. Manyan kwansunan katantanwa da guntayen murjani da busasshen tauraron teku da ake tallatawa a bakin ruwa ba a saye, domin da ransu ake ciro su, kuma fitar da su ba izini yana iya jawo tsaiko a filin jirgi. Abin da yara suka tara a bokiti ma a bakin teku ake juye shi kafin a haɗa kaya.